Shin cin bashi zunubi ne ga Kirista? Amsa ga malamin da ake cire wa kusan rabin albashi

Tambaya: Wani ɗan'uwa, malamin makarantar sakandare, ya rubuto cewa albashinsa N150,000 ne a wata. Banki na cire N52,000, ƙungiyar gama kai ta wurin aiki na cire N20,000, ga kuma manhajojin ba da rance na waya guda biyu, ɗaya na binsa N30,000, ɗaya N45,000. Matarsa da na banki kawai ta sani. Ƙanensa zai yi aure a Disamba ana jiran gudummawarsa, abokin aikinsa kuma ya kawo masa takardar garanto ya sa hannu. A majami'arsu wasu sun ce cin bashi zunubi ne kuma rashin bangaskiya, wasu sun ce ba komai, bashi hanji ne yana cikin kowa. Yana son ya san abin da Littafi Mai Tsarki ya ce, da illar da ke cikin bashi, da yadda zai fita.

Amsa:

Ɗan'uwa, salama. Bari mu fara da abin da ya fi damun lamirinka. Babu ayar da ta ce wanda ya ci bashi ya yi zunubi. Da haramun ne, da Yesu bai ce a Matiyu 5:42 kada a juya wa mai neman rance baya ba, da kuma Maimaitawar Shari'a sura 15 ba ta umarci mai hali ya buɗe hannu ya ranta wa ɗan'uwansa matalauci ba. Abin da aka kira mugunta ƙarara shi ne a ci a ƙi biya, Zabura 37:21. Masu cewa zunubi ne sukan kafa hujja da Romawa 13:8, inda Manzo Bulus ya ce kada hakkin kowa ya zauna a kanmu sai na ƙauna. Amma a koma aya ta 7: maganar haraji yake yi, da girmamawa, da ba kowa abin da yake nasa. Nufinsa kada lokacin biya ya yi a same ka kana noƙewa.

Sai dai kada 'yan "ba komai" su yi murna. Ko sau ɗaya ba a lissafa cin bashi cikin albarka ba. A Maimaitawar Shari'a 28, ba da rance yana cikin jerin albarku a aya ta 12, karɓar rance kuwa yana cikin jerin la'anoni a aya ta 44. Karin Magana 22:7, littafin da tsohuwar fassara ke kira Misalai, ta faɗi dalilin ba tare da kwana-kwana ba: mai cin bashi bawan mai ba shi ne.

Kalmar bawa ta yi nauyi, to mu auna ta da albashinka. N72,000 cikin N150,000 kashi 48 ne cikin ɗari. In kana aiki kwana 22 a wata, kwana goma da rabi na alli da jan biro ba naka ba ne, an riga an sayar. Daga ranar ɗaya ga wata har kusan tsakiyarsa, wa banki da ƙungiya kake shiga aji. Ba a ma sa manhajojin ciki ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce jimlar abin da mai ɗaukar aiki zai cire daga albashin ma'aikaci a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Wannan doka ba ta hana banki ɗiba daga asusunka in ka sa hannu, amma ma'auni ne mai kyau da za ka riƙe wa kanka. A naka albashin iyakar N50,000 ce. Ka wuce ta da N22,000, kuma wannan giɓin ne ya tura ka wurin manhaja.

Bautar ba a aljihu kawai take ba. Wanda ake cire wa rabin albashi ba ya iya barin aiki ko da wurin ya lalace. In shugabansa ya ce a gyara makin ɗan wane, bakinsa ya yi nauyi, don ya san wata ɗaya babu albashi gidansa ya rushe. In maƙwabciya gwauruwa ta zo da yaro ba lafiya, zuciyarsa na so, hannunsa a ɗaure. Yesu ya ce ba a bauta wa iyayengiji biyu. Yawancin masu bi da ke cikin bashi ba son kuɗi ne ya kai su ba, amma sakamakon ɗaya ne: akwai wani da sai an fara jin ta bakinsa kafin a yi abin da Ubangiji ya ce.

Akwai kuma batun gobe. Duk takardar rance alkawari ce a kan ranar da ba ka gani ba. Yakubu 4:13-15 ya tsawata wa masu cewa za mu je gari kaza mu shekara mu yi ciniki mu ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba. Wanda ya sa hannu a rancen wata 24 ya ce ke nan: wata 24 zan kasance da rai, da lafiya, da aiki, kuma za a biya ni a kan lokaci. Malami a ƙasar nan ya san yadda albashi ke makara. Ma'aikata kan tafi yajin aiki, kuɗin ruwa ba ya tafiya.

Yanzu lissafi, don a nan ne ake yanka yawancin mutane suna murmushi. Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya ƙididdige abin da za ta ci, Luka 14:28. Ruwan rance iri biyu ne, kuma sau da yawa ba a bambanta maka su sai ka tambaya. Akwai wanda ake ɗorawa a kan uwar kuɗi gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ma'aikatan banki ke kira filat. Akwai wanda ake ɗorawa a kan abin da ya rage kawai. Ɗauki N500,000 na wata 12 a kan kashi 4 cikin ɗari kowane wata. In filat ne, ruwa N20,000 ne duk wata, N240,000 a shekara, za ka riƙa biyan kusan N61,700, jimla N740,000. In a kan abin da ya rage ne, biyan wata kusan N53,300 ne, ruwan duka kusan N139,000. Bambancin ya kai N100,000, alhali dukansu "kashi huɗu" aka ce maka. Dalili kuwa, a filat ko a wata na goma sha ɗaya, lokacin da saura kaɗan ka gama, ana cajinka kamar N500,000 ɗin na hannunka. Kashi 4 na filat daidai yake da kusan kashi 6.6 a wata na gaskiya, wato dab da kashi 80 a shekara. Sannan ga kuɗin gudanarwa da na inshora da ake zarewa tun kafin kuɗin su shigo asusunka, ka nemi dubu 500 a ba ka dubu 480 amma a yi maka ruwa a kan dubu 500. Tambayoyi biyu ke tona komai: nawa ne zai shigo hannuna, kuma nawa ne jimlar da zan biya? A rubuta maka su.

Manhajojin waya kuwa wata duniya ce. A ce N30,000 ɗin nan na mako biyu ne, a mayar da N39,000. Ranar biya ta yi babu kuɗi, sai a ranto daga wata manhajar mai irin wannan sharaɗi a toshe. Bayan mako huɗu N50,700 ne. Mako shida, N65,910. Mako takwas, N85,683. A mako na goma sha biyu ya haura N144,000, wato albashinka na wata ɗaya ya kusa tafiya a kan N30,000 da aka cinye tun tuni. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Ka duba naka sharuɗɗan, ƙila ruwan bai kai haka ba, amma tafiyar ɗaya ce.

Wani zai ce maka ai da hauhawar farashi bashi riba ne, tunda kuɗin da za ka mayar sun fi wanda ka karɓa rauni. Maganar tana da kan gado ga ɗan kasuwar da ke ƙara wa kayansa farashi duk mako. A Disambar 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, Babban Bankin Najeriya kuma ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5. Ɗan albashi fa? Garin masara ya tashi, kuɗin mota ya tashi tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, albashi na nan inda yake, abin da ake cirewa na nan inda yake. Shi hauhawar ba ta rage masa bashi, ragowar da zai ci take cinyewa.

Illar da aka fi raina ta ita ce wadda bashi ke yi wa harshe. Mutumin da bai saba ƙarya ba, wata uku cikin matsi sai ka ji shi yana "na tura, matsalar netwok ce", yana "ina hanya" alhali yana kwance, yana ce wa yaro ya ce Baba ba ya nan. Yaron na koyo. Wayar ta yi ƙara a lokacin sujada gabansa ya faɗi. Ya canza hanyar zuwa majami'a don kada ya bi ta gaban shagon mai shinkafa. In mai bin bashin ɗan ikilisiya ne abin ya fi muni: su biyu a layi ɗaya na Jibin Ubangiji, ɗaya na kallon sabon takalmin ɗaya yana lissafi a zuci. Zumuntar mata da yawa sun san yadda adashi ɗaya da wata ta kwasa ta daina zubi ke raba ƙungiya gida biyu. Bulus ya tsawata wa Korantiyawa da ke kai juna kotu a gaban marasa bi, 1 Korantiyawa 6. Ga mai bi da ke zaune cikin maƙwabta da ba addininsu ɗaya ba, bashin da bai biya ba shi ne wa'azin da aka fi ji daga gare shi.

Sai gida. Ka ce matarka da na banki kawai ta sani. Wannan, a ganina, ya fi manhajojin haɗari. Ku biyu jiki ɗaya ne, kuma ko ka ɓoye tare kuke biya, don kuɗin cefane ne ke raguwa ba ta san dalili ba, ƙila ma tana zargin abin da ya fi wannan muni. Wasu manhajojin, musamman marasa rajista, sukan aika saƙon cin mutunci ga lambobin da ke wayar mutum, su kira shi ɓarawo, har da hotonsa. Gara ta ji daga bakinka da ta ji daga saƙon da aka tura wa matar fasto.

Ka kuma karanta 2 Sarakuna 4:1-7 a hankali. Mamacin nan ba mashayi ba ne, ɗaya ne daga ƙungiyar annabawa, matarsa ta shaida cewa mai tsoron Ubangiji ne, annabi Elisha bai musa ba. Duk da haka ya mutu da bashi, mai bi ya zo ɗaukar 'ya'yansa biyu bayi. Tsoron Allah bai soke takardar ba. Yau ba a ɗaukar yara, amma ana biyan bashi daga abin da mamaci ya bari kafin magada su ga komai, a ci haƙƙinsa na wurin aiki, yara su bar makaranta. Ka je bankinka ka tambaya ko rancenka na da inshorar da ke biyan ragowar in mai rance ya rasu. Sau da yawa an cire kuɗinta tun farko, amma iyali ba su sani ba balle su nema. Wasu kan ce ai ko Elisha ya aiki matar ta ranto. Hausa ta raba mana wannan gardama: aro ta yi, ba rance ba. Tandaye wofi ta aro, waɗanda za ta mayar yadda suke, babu ruwa a kansu.

Batun garanto gajere ne, don Karin Magana ba ta yi masa sassauci ba ko kaɗan. Sura 11:15, 17:18, 22:26-27, duk gargaɗi ɗaya ne, na ƙarshen har yana tambaya don me za a janye gadonka daga ƙarƙashinka. Sura 6:1-5 ta ce in ka riga ka shiga, kada ka yi barci, je ka ƙasƙantar da kanka ka roƙa, ka kuɓuta kamar barewa daga hannun maharbi. Mutane na ɗauka garanto shaida ce cewa wane mutumin kirki ne. A doka, alkawari ne cewa in bai biya ba kai za ka biya, uwa da ruwa. A ƙungiyar gama kai daga ajiyarka ko albashinka za a zare ba tare da an sake neman izininka ba. Bulus ya tsaya wa Onisimus, bawan Filimon, a wasiƙarsa ga Filimon, ya ce in kana binsa wani abu a ɗora a kaina, ni zan biya, ya rubuta da hannunsa. To wannan ne sharaɗin: ka tsaya wa mutum a kan adadin da in ya faɗo kanka za ka biya ba tare da gidanka ya kwana da yunwa ba, ba kuma tare da ka ƙullace shi ba. Kai a yau adadin nan sifili ne. Ka mayar wa abokinka takardarsa ka ce masa, "Malam, rabin albashina ake cirewa, in na sa hannu yaudararka na yi." In da N5,000 da za ka iya ba shi kyauta wata rana, ta fi sa hannun amfani ga zumuncinku.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili, tunda a majami'a aka fara gardamar: cin bashi don a "shuka iri" a wurin mai wa'azi, da fatan Allah zai ninka kafin ranar biya, ba bangaskiya ba ce. Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali mala'iku za su tare shi, har da aya ya kawo, Yesu ya ce kada a gwada Ubangiji. Bulus ya ce baiko abin karɓa ne gwargwadon abin da mutum ke da shi, ba abin da ba shi da shi ba, 2 Korantiyawa 8:12. Haka alkawarin da ake yi a taron gidauniya don an kira suna a lasifika an tafa. Mai Hadishi 5:5 ya ce gara kada a yi wa'adi da a yi a kasa cikawa. Kan zakka ikilisiyoyi sun bambanta, ka zauna da fastonka ku duba, amma babu wata fahimta ta gaskiya da za ta ce ka ranto daga manhaja ka sa a kwanon baiko.

Ba kowane rance ne wauta ba. Yaro na asibiti ana neman kuɗin jini, ka ranta, kada ka tsaya dogon tunani. Rancen jari ma yana da wurinsa, in ya ci jarrabawa uku. Abin da za a saya yana kawo kuɗi, kamar injin niƙa ko keken ɗinki, ba talabijin ba. Ribar da yake kawowa a watan da kasuwa ta fi mutuwa, bayan an cire mai da gyara, ta kai biyan wata sau ɗaya da rabi. Lokacin biya kuma ya dace da lokacin da kuɗin ke shigowa. A na ukun nan manoma suka fi faɗuwa: a karɓi rancen taki a Yuni wanda biyansa ke farawa a Yuli, alhali masara sai Oktoba. Ko an jira kaka, lokacin ne farashi ya fi faɗuwa, sai mai bashi ya sayar dole a kan araha, wanda ba a binsa ya ajiye zuwa bazara. Manoman masara sun ɗanɗana wannan a kakar 2025, da hatsi ya karye taki bai sauko ba. Mafi muni shi ne buhu ɗaya a Agusta a mayar da biyu da kaka, ruwan kashi ɗari cikin wata uku, ko jinginar gona. Nehemiya sura 5 kamar a ƙauyukanmu aka rubuta ta: mutane sun jinginar da gonaki da gidaje don hatsi a lokacin yunwa, wasu sun ranto don harajin sarki, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta, kuma masu bin su 'yan'uwansu ne Yahudawa. Wanda ya jinginar da gona ya ba da abin da zai biya bashin da shi. Shi ya sa Shari'ar Musa ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, ta ce ran mutum ne aka karɓa.

To yaya za ka fita? Elisha ya fara da tambayar matar mamacin nan: me kike da shi a gida? Ya ƙare da tsari: sayar, biya, ku ci ragowar. Ka bi wannan.

Daren yau, kai da matarka, takarda ɗaya. Kowane bashi a layinsa: wa ke bi, nawa ya rage, ruwan nawa, ranar biya, tarar makara. Har da na mai shago da na ɗan'uwan da ya daina tambaya. Na banki kada ka yi hasashe, ka nemi su ba ka adadin da za ka biya in za ka rufe rancen yau, da jadawalin biya. Daga wannan daren babu sabon rance.

Manhajojin ne wuta, su za a fara kashewa, N75,000. Hanya mafi kyau ita ce a sayar da wani abu: waya ta biyu, akuya, janareto da ba a tayarwa. In babu, wannan ne wuri ɗaya tak da zan yarda a ci bashi a biya bashi. Ka nemi rancen gaggawa a ƙungiyar gama kai, wadda ruwanta galibi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A ce sun ba ka N75,000 da ruwan kashi 10 sau ɗaya na wata goma, N8,250 ke nan a wata. Abin da ake cire maka zai hau N80,250, ya fi na da a takarda, amma ka san ranar ƙarewarsa, ba ya kuma ninkuwa. Sharaɗi: ranar da kuɗin suka shigo, ranar za ka biya, ka adana shaidar biya, ka goge manhajojin. Inda ake faɗuwa shi ne a biya a bar manhajar a waya. Nan take za ta ɗaga maka adadin da za ka iya karɓa ta turo saƙon taya murna, bayan wata biyu ga bashin ƙungiya ga na manhaja.

Banki ma zai kira ka, da zarar ka ci rabin rancen, ya ce za a ƙara maka sabo a haɗe da tsohon. Ka ƙi. Ɗan abin da zai shigo hannunka kaɗan ne, wa'adin kuwa ya koma farko, an kuma sake cire kuɗin gudanarwa. In biyan watan ne ya fi ƙarfinka, ka je da kanka kafin ka makara, ka nemi a tsawaita wa'adi a rage biyan wata, ka kuma tambayi nawa hakan zai ƙara wa jimla. Yesu ya ce a shirya da mai ƙara tun ana hanya, Matiyu 5:25. Mai bin bashi ya fi sassauta wa wanda ya zo da ƙafarsa fiye da wanda ya kashe waya. Kada ka yi tunanin sauya bankin da albashi ke shiga zai ɓoye ka. Tun 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin Babban Banki da ake kira GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi uwar kuɗi da ruwa daga asusunka na wasu bankuna. Sunanka kuma zai shiga kundin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu rance, irin su CRC da FirstCentral, ya bi ka shekaru.

Duk bashin da ya ƙare, kuɗin da ake cirewa dominsa kada ya koma cefane, a ɗora shi a kan na gaba. Kuɗin darasin yamma, na duba jarrabawa, abin da gonar gida ta kawo, duk can. Amma ka ware ko N5,000 ne a wata a hannun matarka don zazzaɓi da facin taya, don rashin wannan 'yar ajiya ne ke mayar da mutane wurin manhaja.

Ka san haƙƙinka kuma, don tsoro na sa mutum ya ci sabon bashi. Bashi zalla ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Amma cakin banki da ka rubuta babu kuɗi a asusu laifi ne, dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu, don haka kada ka ba kowa caki a matsayin jingina. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, na yi wa manhajojin rance rajista tun 2022 tana kuma karɓar ƙorafi a kan masu cin mutunci, Google kuma tun ƙarshen Mayun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan waya. In an yi maka barazana ka ɗauki hoton saƙon ka kai ƙara. Wannan bai sauke maka biyan abin da ka karɓa ba.

Ikilisiya ma tana da nata rabo, kuma yawancin ayoyin bashi da mai bayarwa suke magana, ba da mai karɓa ba. Fitowa 22:25-27 ta hana ɗora wa matalauci ruwa, ta ce rigar da aka karɓa jingina a mayar kafin rana ta faɗi don da ita zai rufa. Maimaitawar Shari'a 24:10-11 ta ce mai bin bashi ya tsaya a waje, kada ya kutsa gidan mutum. Majalisar Nikiya, babban taron shugabannin ikilisiya, a shekara ta 325 ta ce a sauke duk ma'aikacin ikilisiya da ke ba da rance da ruwa. Dattijon da ke ba 'yan majami'arsa kuɗi a kan kashi 20 a wata ya karanta Nehemiya 5 ya ga abin da aka yi wa irinsa a gaban taro. Ka sami dattijo ɗaya mai riƙe sirri, wanda ya san lissafi, ka nuna masa takardar nan, ya riƙa tambayarka duk ƙarshen wata. Ba sai an sanar a bagade ba.

Saura auren Disamba. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma rancen biki shi ne mafi tsada a duk rance, don kwana ɗaya ake ci a shekara ana biya. Kada ka jira a yanka maka kaso a taron iyali. Ku tsayar da adadi kai da matarka, a ce N7,000 a wata daga yanzu zuwa lokacin, ka je wurin Baba ko wanda ke jagorantar shirin tun yanzu, ka faɗi abin da za ka iya kawowa da ranar da za ka kawo shi. Ankon gida ka ɗauki na mutum ɗaya ko ka bari. Abin da aljihu ya kasa jiki ya yi: rubuta katin gayyata, jigilar kujeru daga majami'a, tsayawa a kan masu girki, zuwa kasuwar ƙauye sayen hatsi inda ya fi araha. Ƙanenka kuma ka ja shi gefe ka nuna masa lissafin N500,000 ɗin nan na filat, kafin wani ya kawo masa takarda irin taka.